Baba da Farin Bulonsa

Na Allah muke, kuma gare shi kowannenmu ya nufa. Baba ya riga mu da hantsin wata Laraba, a ɗakinsa na bakin zaure nan Kaura Namoda, bayan tari ya daɗe yana cin ƙirjinsa. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Ni ce 'yarsa ta fari, don haka a gabana mata suka yi ta durƙusawa suna gaisuwa. Abin da na lura da shi a zaman makokin nan shi ne, kowa da irin Baban da ya zo yi wa ta'aziyya. Matan unguwa tsoho mai tari suka sani, wanda ke ajiye ƙuli-ƙuli a aljihu saboda yara. A waje kuma tsofaffin magina ne suka jeru a tabarma, tafukan hannunsu duk sun tsattsage, aka ce mini suna ta lissafa soraye da masallatan da ya gina daga Kasuwar Daji har Shinkafi, suna gardama a kan wanne ya fi kyau. Baffa, ƙanin Baba, yana tsakiyarsu bai sa baki ba. Idanunsa sun yi yana, ba ya gane mutum sai an yi magana. Duk wanda ya miƙo hannu sai ya ce, "Allah shi ba da lada."

Ana nan sai wata dattijuwar Bafillatana ta yi sallama da ƙwaryar nono a ka. Babu wanda ya san ta a cikinmu. Ta sauke ƙwaryar, ta zauna a bakin ƙofa, ta ce, "An ce mini tsohon nan ne ya rasu, mai sa wa gini riga."

Mata suka dubi juna. Wasu 'yan mata suka rufe baki da mayafi suna ƙunshe dariya. Gwaggo, ƙanwar Baba wadda ta raine ni, tun safe take daurewa tana jan carbi, amma da jin wannan magana sai ta kife kai a gwiwa ta fashe da kuka.

Da yamma ƙananan jikokinsa suka dame ni da tambaya, wace riga ce, wane gini. A nan na gane cewa in na yi shiru, nan da 'yan shekaru abin da zai rage na Baba shi ne tari da ƙuli-ƙuli. Shi ya sa na zauna na rubuta abin da idona ya gani.

Gini gadonsa ne. Da tubalin ƙasa da azara ya fara a hannun kakanmu, da siminti ya shigo kuma ya koma bulo bai tsaya gardama ba. Mutum ne mai ƙarancin magana. Ni kam, da yake 'yar fari ce, bai taɓa kiran sunana ba. In yana son gaya mini wani abu sai ya dubi bango ya ce, "A faɗa wa mutanen cikin gida," ko da ni kaɗai ce a tsakar gidan. Ba ya cin abinci a wurin aiki sai leburan ƙarshe ya wanke hannu. Kuma ba ya yi wa mutum gini in ya ga an ci hanya ko an shiga filin maƙwabci, ko da taku ɗaya ne. Ya sha naɗe igiyarsa ya dawo gida saboda haka, mu kwana muna jin haushinsa.

Wata rana yana miƙa bulon siminti sama, irin mai kaurin nan, wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa. A baro aka kawo shi gida. Mai ɗori ya yi nasa, wanzami ya yi ƙaho, aka je asibiti aka karɓo ƙwayoyi. Ya tashi, yana tafiya, amma ko bokitin ruwa ba ya iya ɗagawa.

Abin ya zo daidai lokacin da aka ba mu jiharmu. Gusau ta zama babban birni, ko'ina ka duba yashi ne da tsakuwa a jibge, ana neman magina kamar a yi faɗa. Duk Asabar Baffa, wanda shi ma magini ne, zai kwashi yaran aikin Baba su cika mota su tafi. Baba kuwa yana zaure, cokalin gininsa a gefe, ya goge shi da mai ya mayar, gobe ya sake gogewa. A lokacin ne mijina ya rasu na dawo gida da 'ya'yana biyu, na tarar da wani Baba da ban sani ba. Kaza ta wuce ya yi faɗa. Yaro ya yi dariya ya yi faɗa. Gwaggo ta ce mini, "Ki ƙyale shi. Ba da mu yake ba."

Haka muka zauna har shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Bayan an gama girbi, wata rana da la'asar, Baffa ya shigo da wani farin abu a hammata yana dariya tun daga ƙofa.

"Yaya, zo ka ga abin mamaki. Wai da wanga za a yi gini."

Ya ajiye shi a tsakar gida. Bulo ne, ya fi wanda muka sani tsawo, fari da ɗan toka-toka, jikinsa duk ƙananan ramuka. Gefensa ya ɗan ɓantare, ɗana ya ɗauki ɓallin ya jefa a bahon wanki. Bai nutse ba. Yara suka sa ihu.

Baba ya fito yana dafa bango. Ya daɗe yana kallon abin, sannan ya ce, "Miƙo."

Ya ware ƙafa, ya cije baki, ya sa hannu biyu kamar yadda ya saba. Bulon ya taso har kusan haɓarsa, saura kaɗan ya faɗi da baya. Ya ajiye. Ya sake ɗauka da hannun hagu kaɗai. Ya tafi da shi har bakin zaure, ya dawo.

"Ina za a yi aikin?"

Baffa ya faɗi sunan wani ƙauye gaba da Zurmi. Ya ce ɗakin haihuwa za a gina musu, ɗan kwangilar ya kwaso bulon a tirela daga nesa, wai shi ake yayi a ƙasashen waje. Gwaggo tana daka, da jin sunan ƙauyen sai ta tsayar da taɓarya. Ban gane dalili ba a ranar.

"Yaya, burodi ne fa," in ji Baffa. "Magina duk sun ƙi shi."

"Ka ce mishi akwai magini."

Kwana kaɗan bayan haka Baba ya dubi bango ya ce a faɗa wa mutanen cikin gida ana buƙatar mai tuwo a wurin aiki. A lokacin an hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata, ba yadda zan yi in je in dawo, don haka na bar yara wurin Gwaggo na bi motar kasuwa. Aka sauke ni a gidan wata tsohuwa, bayan filin da za a yi ginin. Baffa ma ya biyo mu, yana ƙunƙuni. Ya ce ba don burodi ya zo ba, don kada a ce ya bar yayansa shi kaɗai.

Injiniyan da aka turo matashi ne mai ladabi, ba ɗan yankinmu ba. Na ga Baba, wanda ya fara gini tun ba a haifi yaron nan ba, ya zauna a kan bulo yana sauraronsa kamar ɗalibi. Wannan bulo ba a lafta masa kwaɓi mai kauri. Akwai wani gari nasa na musamman a buhu, a dama shi kamar kunu mai kauri, a shafa siriri, a ɗora. Ba a sare shi da cokali, da zarto ake yanka shi kamar katako. A kakkaɓe ƙurar kafin a shafa. A ɗauke shi a hankali don gefensa ba ya son karo. Baba yana gyaɗa kai, in bai gane ba ya ce a sake.

"Abu ɗaya ne, Baba," in ji injiniyan, "shi nake so ka riƙe. Yana shan ruwa kamar soso. Dole a yi masa rufi, a yi masa shafe irin nasa kafin damina. In an yi haka, jikokinka za su tsufa su bar shi, kuma ko a bazara ɗakin zai yi sanyi."

"In ba a yi ba fa?"

"Za a yi, in sha Allahu."

Samarin ƙauyen duk sun tafi birni neman aiki, leburori suka yi wuya. Baba bai damu ba. Ya bi gida-gida yana kiran tsofaffi, waɗanda ƙarfinsu ya ƙare aka bar su da gadin jikoki da igiyar akuya. Cikinsu har da wani sa'ansa mai shanyayyen hannu tun yana yaro, wanda a rayuwarsa ba a taɓa ɗaukarsa aikin ƙarfi ba. Ranar da ya fara saɓa bulo a kafaɗa, maimakon ya miƙe daga inda aka jibge su zuwa wurin gini, sai ya zagaya ta cikin gari, ya bi ta ƙofar gidansa, don matarsa ta gan shi. Mutane suka yi ta dariya, ana ce wa wurin ginin tsofaffi. Baba ya ce a bar su su yi, dariya ba ta karkata bango.

Watannin nan su ne mafi daɗi da na ga Baba ya yi. Ina tuƙa tuwon dawa a ƙarƙashin wata bedi, wato darbejiya, ina jin zarto yana ta kai da kawowa. Farar ƙura ta rufe musu gemu da gira, sai ka ce daga injin niƙa suka fito. Injiniyan ya raba musu abin rufe hanci, Baba ya rataya nasa a wuya, ya ce yana hana shi salati. Shi ke yawancin yankan, don ya ce hannunsa ya fi miƙewa. Ya yi tari, ya tofar, ya yi dariya, ya ci gaba. Na sha cewa a raina ƙurar nan ba ta da kyau, amma ta ina 'yar fari za ta fara yi wa ubanta faɗa? Na gaya wa Baffa, Baffa ya gaya masa, ya ce ya ji.

Wata rana muna tsintar wake da tsohuwar da na sauka gidanta, sai ta nuna mini wani ɗaki da haɓa.

"Nan uwarki ta fara naƙuda."

Na san Inna a wurin haihuwar ƙanena ta rasu, ita da abin da ke cikinta, ina ƙarama ƙwarai. Amma ba a taɓa gaya mini ko a ina ba ne. Tsohuwar ta ce Baba ya zo yi wa mai gari soro ne a shekarar, ya taho da Inna da tsohon ciki. Naƙuda ta kwana ta wuni, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta. Aka shimfiɗa ta a amalanke za a kai ta Zurmi, suka tarar gulbi ya kawo. A bakin ruwan ta cika.

"Shi ya ja shanun da hannunsa," in ji ta. "Zuwa da dawowa."

Da na kai musu fura da azahar, na kasa ɗauke idona daga kansa. Ya gane an gaya mini. Ya juya ya fuskanci bangon da yake ginawa, ya ce, "A ƙaro ruwa a duro." Iyakar maganar da muka taɓa yi a kan Inna ke nan, ni da shi.

Gini ya tashi, fari tas, a miƙe kamar an ja da zare. Matan ƙauyen kan biyo da yamma su leƙa ta tagogi, masu ciki suna tsokanar juna a kan wadda za ta fara shiga. Aka kai linta, wato saman ƙofa da tagogi. Daga nan tirela ta daina zuwa. Ba kwanon rufi, ba katako, ba buhunan shafe. Ɗan kwangila ya aiko a ce mako mai zuwa. Mako ya zo ya wuce. Zuwan injiniyan na ƙarshe ya sallami kowa, babu wanda ya bi shi ko sisi, sannan ya ja Baba gefe. Ina kusa ina wanke tukunya.

"Baba, an mayar da mu wani aikin. Zan yi magana, wallahi zan yi."

"Ɗana, ga hadari can ya fara leƙowa gabas."

"Na gani. Ni ma aikena ake yi."

Bai iya haɗa ido da Baba ba har ya shiga mota. Ban taɓa jin haushin yaron nan ba. Gaskiya ya faɗa mana tun ranar farko.

Baffa ya sayo siminti da kuɗinsa, ya kwaɓa da yashi yadda aka saba, ya shafe wani yanki na bangon gabas don a gwada. Bulon ya tsotse ruwan kwaɓin tun bai kama ba. Cikin 'yan kwanaki shafen ya tsattsage kamar ƙasan tafki a rani, ka sa yatsa ya ɓamɓaro. A gaban wannan bango suka yi faɗan da ya raba su.

"Ka gani?" in ji Baffa. "Abin da bai riƙe siminti ba bulo ba ne. Mu tattara mu tafi Gusau."

"Ba laifin bulo ba ne. An faɗa muna abin da shika so, ba mu ba shi ba."

"To mu muka hana? Ka tara tsofaffi ka sa musu rai, ka sa wa matan garin ga rai. Mi za ka ce musu yanzu?"

"Ka tafi in za ka tafi."

"Yaya, ko da zinariya ka rufe ginin ga, matarka ba ta dawowa."

Tsofaffin duk suka sunkuyar da kai. Baba ya ajiye cokalinsa a kan bulo a hankali, ya kakkaɓe hannu, ya nufi masallaci alhali lokacin salla bai yi ba. A ranar Baffa ya bar ƙauyen. Daga nan ba su yi gaba ba, don dukansu suna tsoron Allah. Sallama kawai suke yi. Gida ɗaya, zaure ɗaya, a gaisa da safe, a gaisa da yamma, shi ke nan. Shekaru suka yi a haka. Gwaggo ta yi kuka, ta yi roƙo, ta gaji.

Da muka dawo Kaura, Baba ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ya shiga neman wanda zai yi wa magana. Wannan ofis ya ce ba nasu ba ne, wancan ya ce mai sa hannu ya yi tafiya, wani ya ce a dawo bayan salla. Bai san ma sunan kamfanin daidai ba. A lokacin yana da yaƙini ƙwarai, yakan ce yanzu da Shari'a ta zo, duk wanda ya ɗauki amana sai ya sauke ta. Don haka ya je gaban wani alƙali. Da ya dawo, Gwaggo ya ba labari, ina jin su daga ɗaki.

Alƙalin ya saurare shi har ƙarshe, ya ba shi wurin zama saboda bayansa. Sannan ya ce, "Baba, an biya ka haƙƙinka?"

"An biya ni."

"Filin naka ne?"

"A'a."

"To mi kake ƙara?"

"Ginin, Allah gafarta malam. Ruwa za shi cinye shi."

Alƙalin ya ce wallahi ya ji tausayi, amma ba shi da inda zai kama. Mai ginin ne zai kawo ƙara, kuma Baba ba shi ne mai ginin ba. Ya yi masa addu'a, ya sa aka raka shi har bakin titi.

Tun daga shekarar, da zarar an fara jin ƙamshin damina, Baba zai sayi zana da leda da igiya ya hau motar Zurmi. Shi da abokinsa mai shanyayyen hannu da sauran tsofaffin da ke da rai su bi kan bango suna rufewa, su rataya zana a bangon gabas inda ruwa ke duka, su danne da duwatsu. Wannan ce rigar da Bafillatanar nan take nufi, rugarsu tana kusa, tana ganinsu duk shekara. Iskar farko takan kwashe rabi. Awaki su ci zanar. Ledar kuma wani mai ɗaki yana yoyo ya zare, Baba bai taɓa tambayar ko wane ne ba. Yara suka gano bulon yana rubutu a bango kamar alli. Mata suka gano yana goge kaushin ƙafa. Da adda ma ana yankarsa, ba sai an sha wahala ba. Kowa ya ɗan gutsura. Baba ya ce, "Ai gara su amfana da wani abu."

Na bi shi sau ɗaya, bayan wata damina mai ƙarfi, don Gwaggo ta ce kada a bar shi ya tafi shi kaɗai da wannan tari. Farin ginin nan ya koma baƙi-baƙi, gansakuka ta hau gindinsa, ciyawa ta kai ƙugu a inda aka ce gadaje za su zauna. Bangon gabas ya kwanta. Baba ya tsaya a kansa ya daɗe. Ya sunkuya ya kama bulo ɗaya da hannu ɗaya, irin yadda ya saba. Bai motsa ba. Ya sa hannu biyu, ya ɗan ɗaga shi daga ƙasa, bayansa ya amsa, ya sake shi. Bulon ya sha ruwa ya ƙoshi, ya yi nauyi.

Baba ya zauna a kan tarin. Na tsaya nesa kaɗan da ƙwaryar fura a hannu, ban san ko in matsa ko in koma ba. Wata mata mai ciki ta wuce da itace a ka, ta gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Mun fi sa'a guda a haka. Ba abin da zan iya ɗauka in ba shi. Da la'asar ta yi ya tashi ya yi alwala, muka nemi mota.

Duk da haka bai daina zuwa ba, sai da hanya ta hana. Aka fara jin an tare mota wajen Moriki, an kore shanu a can, an kwashi mutane a nan. Direbobi suka daina shiga ƙauyen. Tarin kuma ya kwantar da shi. A asibiti suka ce huhunsa ya cushe, suka tambaya ko ya yi aiki cikin ƙura. Ya ce duk rayuwarsa. Ko ƙurar zarton nan ce, ko ta siminti ce ta shekara da shekaru, Allah kaɗai ya sani. Muka yi ta sayen magani, yana lafawa yana dawowa. In hadari ya haɗu sai ya sa a zaunar da shi a bakin ƙofa, ya tambayi duk wanda ya wuce ko an yi ruwa wajen Zurmi.

Wata safiya abokinsa mai shanyayyen hannu ya iso gidanmu a ƙafa, da matarsa da ƙullin kaya ɗaya. Ƙauyen ya watse. Baba ya sa aka share musu ɗakin da yake ajiye kayan aikinsa, ya ce su zauna har yadda Allah ya yi. Suka zauna a zaure ana jajantawa, Baffa yana gefe. Sai da aka gama lissafin waɗanda suka mutu da waɗanda ba a san inda suke ba, sannan Baba ya yi tambayar da kowa ya san za ta zo.

"Ginin fa?"

"Ya tafi, malam. Kusurwa guda ta rage a tsaye."

"Wace?"

"Ta yamma, wajen bedi."

Baba ya yi tari mai tsawo. Da ya lafa sai ya ce, "Wagga ba ni na ɗaure ta ba. Hannun ƙanena ne." Ya juya wajen Baffa. "Ashe ka iya burodin."

Baffa ya laluba da hannu har ya sami gwiwar Baba, ya dafa, ya bar hannun a nan. Daga ranar a kwano ɗaya suke cin tuwo, kamar da. Ba su ƙara tayar da maganar ba. Bai fi wata biyu ba tsakanin wannan da rasuwarsa.

Ranar da zai cika ya sha kunu, ya ce ya yi daɗi. Ya sa Baffa ya karanta masa abin da ya sawwaƙa. Numfashin ya riƙa yin sama-sama, muna zagaye da shi, ni da Gwaggo da Baffa, muna ta yi masa fifita kamar iska ce ta yi ƙaranci a ɗakin. Ya yi shahada sau biyu, ta biyun ba mu ji ƙarshenta ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, an naɗe tabarmi, wani mutum ya tsaya da babur a ƙofar gida ya yi sallama. Ina bayan ƙofar zaure ina shara, na ji komai. Ya ce daga Shinkafi yake. An kawo wani farin bulo marar nauyi za a yi gini da shi, maginan da aka samu sun lafta masa siminti duk ya tsage, sai aka ce masa akwai wani tsoho a Kaura da ya san kansa.

Baffa ya ce, "Awo, akwai. Makon jiya munka rufe shi."

Mutumin ya yi salati, ya sauko daga babur ya durƙusa ya yi gaisuwa. Can ya ce, "Babu wanda ya koya a hannunsa?"

"Sun riga shi, sai guda, shi kuma hannunsa ɗaya. Ni na taɓa, amma ga idanuna."

Na tsaya da tsintsiya a hannu. Na san kaurin damun, na san yadda ake kakkaɓe ƙurar, na san abin da za a gaya wa mai ginin kafin damina. Na ɗaga ƙafa zan matsa, sai na ji mutumin ya ce to Allah ya jiƙan rai, ya buga babur ɗinsa. Kafin in gyara mayafi in leƙo, ya sha kwana.

Allah ka jiƙan Baba, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa ka sanyaya shi. Ka haɗa shi da Inna a inda babu gulbin da zai tare su. Mu da muka rage, ka ba mu haƙuri, ka buɗe mana hanyoyinmu.